Motar da ta kawo ragon sunana

A tsakar gidanmu na Zango akwai wata mota da rabonta da motsi tun ina 'yar makaranta. Ƙirar Amurka ce, mai ƙofa biyu, hanci dogo, baya guntu, kujerar baya kuwa ko akuya sai ta naɗe ƙafa kafin ta zauna. Tayoyinta sun daɗe da zama takalma a ƙafafun mutane. Tana zaune bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Baƙo in ya shigo sai ya ja ya tsaya ya ce, “Wannan fa?” Baba ya ce, “Gyara take jira.” Haka ya riƙa faɗa har Allah ya karɓi abinsa, kuma bai taɓa faɗa da wasa ba.

Baba direba ne na wani Alhaji mai fataucin gyaɗa da fata. Alhajin ya sayi motar a Kano hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu, don kawai a ce yana da abin da ba kowa ke da shi ba a Damagaram. Ba motar ƙasarmu ba ce ko kaɗan. Cikinta a ƙasa yake, rairayi kaɗan ya isa ya kafe ta, ga shan mai kamar ba gobe. Da kayan gyaranta suka gagara samuwa, Alhaji ya ce wa Baba ya ɗauke masa ita daga ƙofar gida. Shanu biyu suka jawo ta har tsakar gidanmu, yaran unguwa na binta da ihu.

Labarin da ya fi kowane yawo a danginmu shi ne na ragon sunana. Ana gobe suna, Baba ya roƙi Alhaji aron motar, ya tafi Gidimuni ya ɗauko rago, don a cewarsa ragon bakin tafki ya fi ƙiba. Bayan motar ya kasa ɗaukarsa, sai ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya ɗaure shi da rawani. Haka suka shigo Zango, rago ya leƙo kai ta taga, mutane na gaishe shi a zaton wani babban mutum ne. Ba bikin da za a yi a gidanmu a tashi ba a ba da wannan labari ba. Kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, amma abu biyu ba sa canzawa a bakin kowa, wato ragon nawa ne, motar kuma ita ce wannan.

Dole in faɗi abu biyu kafin in ci gaba, don da su aka nemi a kayar da ni.

Na farko, Inna ta taɓa aure kafin Baba. A Gidimuni aka kai ta, mijin bai daɗe ba ya rasu, ta dawo gidan iyayenta a Zango, katanga ɗaya da gidan su Baba. Sun yi aure a daminar da yaƙi ya ɓarke a Najeriya, shekarar sittin da bakwai. Wannan ba mai gardama a kai, don Baba da kansa yakan ce ba don yaƙin ya tsayar da motocin Alhaji ba, da bai samu zaman neman aure ba.

Na biyu, takardar haihuwata ƙarya take yi, kuma Baba ne ya sa ta. Ina 'yar shekara biyar na addabi gida da kuka sai na bi 'yan matan maƙwabta makaranta. Doguwa ce ni tun ina ƙarama. Shugaban makaranta ya ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne, na taɓo, ya ce to a kawo takarda. A lokacin ba a rubuta haihuwa ranar da aka yi ta, sai buƙata ta taso a je kotu da shaidu a ƙiyasta. Baba ya je ya ƙara mini shekara biyu don a karɓe ni, akawun kotu ya dube ni ya ƙara ɗaya daga aljihunsa. Aka rubuta an haife ni wajen shekarar da ta gabaci yaƙin. Rabin 'yan ajinmu haka takardunsu suke, wasu an ƙara, wasu an rage. Da wannan takarda na yi karatu, da ita na zama malamar makaranta, ban taɓa kawo wa raina wata rana za a ɗaga mini ita a fuska ba.

Ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan Baba. Inna ta riga shi tafiya da daɗewa. Da shi ma ya rasu, magada suka zama ni da ɗan baffana, wato ɗan ƙanen Baba, mai shagon kayan babur a bakin kasuwa. Na girme shi nesa ba kusa ba, a bayana ya yi wayo. Tun da ya iya magana Yaya yake ce mini.

Bayan sadakar arba'in ya same ni ina share ɗakin Baba. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

“Madam,” in ji shi, “akwai maganar da ya kamata a yi kafin malamai su zo rabo.”

Na ajiye tsintsiya. Madam ɗin nan kaɗai ta ishe ni sanin ba alheri ya kawo shi ba.

Ya ce mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, ta sha gaya musu cewa da ciki Inna ta dawo daga Gidimuni. Ya ce ragon nan da ake ta labari, dangin mijin farko ne suka bayar, Baba a lokacin saurayi ne maƙwabci mai mota, ya taimaka ya ɗauko. In ba haka ba, me zai kai mutumin Zango har Gidimuni neman rago? Daga baya ya auri Inna, ya riƙe ni, ya sa mini sunansa a takardar shiga lakwal, wato makaranta, don kirki irin nasa. Sai ya zaro kwafin takardar daga aljihu ya nuna mini shekarar da yatsa.

“Wato agola ce ni a gidan nan,” na ce.

“Ni ban faɗi haka ba. Takarda ce ta faɗa.”

“Kai da na share wa majina da bakin zanena, yau kai ne za ka karanta mini takarda? Wa ya koya maka karatun?”

Ya ninke takardarsa ya fita. Wallahi ba gidan ne ya dame ni ba, ina da ɗakina a gidan mijina. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutumin da na yi jinya da hannuna, na juya shi a shimfiɗa, na ba shi kunu da cokali, a ce tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an raba ni da shi. Yana raye ba wanda ya isa ya buɗe baki da wannan magana.

Kafin mako ya zagayo zancen ya cika unguwa. Matan da muka yi wasan ƙasa tare suka fara yi mini gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Liman da mai unguwa suka kira ni, suka ce a yi haƙuri a sasanta, za a bar mini ɗaki ɗaya don zumunci. Na ce musu ɗaki na sadaka ba na so, ko duk gidan za a ba ni a matsayin agola ba na so. In 'ya ce ni a ce 'ya ce, in ba 'ya ba ce a bar ni in ɗauki mayafina.

Na nemi wanda ya ga sunan da idonsa. Mutum ɗaya ta rage, wata tsohuwa a bayan gidanmu da tsufa ya fara taɓa wa tunani. Na durƙusa na gaishe ta na tambaye ta.

“Ragon? Na tuna shi sarai,” in ji ta. “Fari ne mai baƙin wuya. Ya yi kashi a kujerar Alhaji.”

“Iya, a lokacin Inna matar wa ce?”

Ta murza carbi ta ce, “'Yar nan, ni ragon na riƙe.”

Na fito ban san dariya zan yi ko kuka ba. Ina shiga gida idona ya faɗa kan motar. Na tsaya ina kallonta kamar ranar na fara ganinta. Ni da ɗan baffana mun saɓa a kan kowane abu, ban da ita. Shi ma ya yarda a cikinta aka kawo ragon. Sai na tuna Baba yakan ce mutanen Amurka kowace shekara sai sun sauya wa motarsu fuska, kamar matan gari da ankon biki. To in haka ne, ita ma tana da shekarar haihuwa, kuma nata ba akawun kotu ne ya ƙiyasta ba. In an ƙera ta bayan auren Inna da Baba, ba yadda za a yi ta ɗauko ragon jaririyar da aka haifa kafin auren.

Ban san komai game da mota ba, ko tuƙi ban iya ba. Amma na iya karatu, ina da salula, ga kuma taurin kai da Baba kan ce a wurinsa na gado. Na shiga neman shafukan masu son tsofaffin motoci da Faransanci. Ashe duniya akwai mutanen da ba su da aiki sai gardama a kan ƙusar mota! Na gode musu, Allah ya ƙara musu rashin aikin yi. Irin tamu ba ta yi wuyar ganewa ba, don na tuna da wani dokin ƙarfe a guje da yake a hancinta. Shekarar ce aiki.

Shafukan suka ce abu mafi sauƙi shi ne a duba wani ɗan faranti a jikin ƙofa, lambar farko ita ce shekara. Na duba, sai ramukan ƙusa. Yaran unguwa sun daɗe da ɓalle duk wani abu mai walƙiya sun kai wa masu narka tukunya, da farantin da dokin da adon gefe. Ina jin har yau akwai gidan da ake tuwo a cikin shekarar haihuwar motar. Lambar da aka buga a ƙarfe wajen inji tsatsa ta cinye. Suka ce a duba sitiyari, na duba, na wata motar Faransa ne Baba ya dasa. Gaban motar kuwa bututun ruwa aka lanƙwasa aka liƙa. Duk abin da littafin Turawa ya ce a duba, hannun maƙeran Damagaram ya riga ni zuwa wurin.

Fitilun baya ne suka fara yi mini magana. Uku-uku ne a tsaye kowane gefe. A ƙirar sittin da biyar da sittin da shida, a shafe suke da jikin mota. A ƙirar sittin da bakwai da sittin da takwas, bayan motar ya lotsa ciki, fitilun ma sun bi lotsawar. Na tsuguna na shafa namu da tafin hannu, na ji sun lotsa. Murna ta hana ni tsayawa in ƙarasa karatu. Na tari kabu-kabu sai shagon ɗan baffana, na aza masa salula a kan tebur gaban masu sayayya.

“Duba nan. Motar nan bayan sittin da shida aka ƙera ta. Ina takardarka?”

Ba wawa ba ne, wannan kam ba zan ɗora masa ba. Ya ɗauki tasa salular ya yi ta latse-latse, can ya ɗago yana murmushi. Ya ce ƙirar kowace shekara tun ƙarshen shekarar da ta gabace ta take fita kasuwa. Ta sittin da bakwai ta fita kafin yaƙi da watanni da yawa. Takarda kuma cewa ta yi “wajen”, ba ta ce daidai ba.

“In dai ba ta sittin da takwas ba ce, Madam, ba ki ce komai ba,” in ji shi. “Kuma na riga na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Ran Asabar za su zo su yanka ta, a share fili kafin rabo.”

Na fito kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Na koma na zauna na karanta abin da gaggawa ta sa na tsallake. Tsakanin ƙirar biyun bambancin kaɗan ne. Mafi bayyana shi ne a sittin da takwas dokar ƙasarsu ta tilasta a sa wa mota alama a gefe don a gan ta da dare. Saboda haka ƙirar wannan shekara tana da wani ɗan jan gilashi mai kusurwa huɗu a kowane gefe, can baya kusa da fitila. Ta sittin da bakwai ba ta da shi, gefenta sumul yake.

Na zagaya motarmu. Gefen hagu sumul. Gefen dama sumul.

Na kori kaza daga kujerar direba na shiga na zauna. A nan ne tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, to in gaskiya ne fa? In Baba da Inna sun haɗa baki sun rufa mini asiri don ƙauna fa? Na shiga tuno fuskarsa ina neman tawa a ciki, hanci, goshi, tsayi, kowanne na kama sai ya suɓuce. Na yi kuka sosai a cikin motar nan, ga warin kashin kaji, ga zafin rana.

Da na share ido na sake buɗe hoton, na ja shi da yatsu ya girma, don in ga abin da ya kayar da ni da kyau. Sai na ga na san shi. Ɗan jan gilashin nan mai ƙananan idanu a ciki, na taɓa riƙe shi a hannuna. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ni, na ƙi ci na ƙi sha, Baba ya shigo ya sa mini shi a tafin hannu ya ce, “Ungo idon doki.” In aka haska masa fitila sai ya mayar da haske ja a bango. Da shi aka lallashe ni na sha magani. Ban san inda ya shiga ba daga baya, kayan wasan yara ba sa tsufa a hannu.

Daga nan sauran ya dawo mini. A shekarun ƙarshe na motar a hannun Alhaji, wata babbar mota ta murƙushe mata gefen hagu. Masu gyaran jikin mota suka buga sabon ƙarfe da guduma, ba su yi masa gurbin komai ba. Baba kuwa mutum ne da ba ya son ganin abu ɓari guda. Ko hula ya ga ta karkace a kan yaro sai ya tsaya ya gyara masa. Lalle shi ya cire na daman don gefen biyu su yi daidai, ya cike gurbin da mastik, wato ƙullun nan da ake shafe lotsawar mota da shi, ya bi da fenti.

Wannan duk tunani ne, tunani kuma ba ya cika baki a gaban liman. Na shiga ɗakin Baba na kwance tsohuwar rediyonsa na ciro maganaɗisun da ke bayan lasifika. Shekara da shekaru ina nuna wa 'yan aji cewa yana kama ƙarfe, ba ya kama ƙasa. Na riƙa jan sa a gefen dama a hankali. Yana kamawa, yana kamawa, da ya zo wani wuri da bai fi tafin hannu ba kusa da fitila, sai ya saki ya faɗi ƙasa. Na sake, ya sake faɗuwa.

Hannuna ya yi ta ƙaiƙayin in ɗauko wuƙa in kankare a take. Na hana kaina. In na buɗe ni kaɗai, cewa zai yi ni na sassaƙa. Kuma ban san abin da ke ƙasa ba, yana iya zama tsohuwar lotsawa ce kawai aka cike. Na ce ko ma mene ne, a gaban mutane aka tozarta ni, a gaban mutane za a buɗe.

Ran Asabar da hantsi na yi wanka na sa leshina na biki, na aika a kira liman da mai unguwa, na shiga motar na zauna na ja ƙofa. Masu yankan ƙarfe suka iso da tulunan gas a amalanke, ɗan baffana na gaba. Maƙwabta suka cika zaure, wasu bisa katanga.

“Madam, fito mana, kada ki tara mana jama'a,” in ji shi.

“Jama'ar kai ka tara su tun ranar da ka buɗe baki. Mai son yanka motar nan ya fara da ni.”

Babban masu yankan ya ce shi bai zo yanka hajiya ba, ya koma inuwa ya zauna. Da liman da mai unguwa suka iso na fito. Na yi musu bayani dalla-dalla yadda nake yi wa 'yan aji, na nuna musu hotuna biyu a salula, mai jan gilashi da mara shi. Na sa ɗan baffana ya maimaita da bakinsa abin da ya faɗa a shago, cewa in ta sittin da takwas ce magana ta ƙare. Ya dubi gefen motar ya gan shi sumul, ya maimaita da ƙarfi har da dariya.

Na ari kurfi da guduma wurin masu yankan. Da na aza bakin kurfin a wurin, hannuna ya tsaya. Aikin Baba ne. Ya goge shi ya daidaita shi har shekaru suka wuce ba wanda ya gane akwai wani abu a ƙasa, ni da nake jingina da wurin kullum ma ban gane ba. A duk gidan ba abin da ya rage mai kyau irin wannan daga hannunsa, ga shi ni zan fasa. Na ce, “Baba, ka yafe mini,” na buga.

Mastik ɗin ya yi tauri, sai da na yi gumi. Ya fara tsagewa, ya ɓalle gutsure-gutsure, sannan wani babban ɓangare ya faɗo gaba ɗaya. A ƙasa ga gurbi mai kusurwa huɗu, gefunansa a miƙe, da ramukan ƙusa, da fentin motar na asali, kore mai duhu, yana sheƙi kamar jiya aka shafa. Na kara hoton kusa da shi. Liman ya gyara tabarau ya sa yatsa ya bi gefen gurbin. Mai unguwa ma ya sa nasa. Sai wata mata bisa katanga ta rangaɗa guɗa.

Ɗan baffana ya daɗe yana kallo. Can ya ce, “Ƙarfe ba ya rantsuwa.”

“Takardarka ma ba ta rantsuwa,” na ce. “Ita kuma na san wanda ya sa ta ƙarya, ubana ne, don in daina kuka.”

Liman ya yi gyaran murya ya ce ai ba a ɗaura wa mace aure da cikin wani, jaririyar da aka yi wa suna bayan aure kuwa 'yar mai gida ce. Ya ƙara da cewa dama tun farko ba a raba ɗa da ubansa da takardar lakwal.

“Allah ya gafarta malam,” na ce, “da ka faɗi haka ranar da kuka yi mini tayin ɗaki, da ban fasa aikin ubana ba.”

Ya sunkuyar da kai. An ce na yi wa liman rashin kunya, har mijina sai da ya yi mini magana. Na je na ba shi haƙuri a kan muryar da na ɗaga, ban janye maganar ba.

Aka yi rabo a matsayina na 'ya, gida ya kasu biyu. Aka ba ni zaɓi. Ɓangare ɗaya yana da ɗakuna masu rufin kwano da rijiya, ɗayan kuwa fili ne da tsohon ɗakin Baba da motar. Na ɗauki na biyu. Mutane suka ce fushi ya sa na cuci kaina, na ce na ji. Ɗan baffana ya ja katangar bulo a tsakani, amma zaure ɗaya muke shiga, kuma ƙofarsa tana kallon gefen dama na motar. Har yau Madam yake ce mini. Ina amsawa, ba na neman Yayar da sai an roƙa.

Babban ɓangaren mastik ɗin yana cikin akwatina. A bayansa akwai siffar gurbin, a gefe kuma inda ba a goge ba akwai wurin da babban yatsa ya danna tun yana ɗanye. Nakan sa nawa a ciki, nasa ya fi nawa faɗi.

Kwanakin baya wani mai gyaran jikin mota, ɗan tsohon abokin Baba, ya zo gaisuwa ya ga ramin. Ya ce zai cike mini shi kyauta ya shafa fenti, ba wanda zai gane an taɓa. Na gode masa na ce a'a. Na san da Baba yana nan ba zai iya kwana da mota ɓari guda ba, gefe ɗaya sumul ɗaya da rami, da tuni ya kwaɓa mastik yana yi mini faɗa. Sai dai ya yi haƙuri da ni a wannan karon. Duk safiya ɗan ƙanensa zai buɗe ƙofa ya fita kasuwa, kuma abin da zai fara gani ke nan.